Jar Fitilar Ɗakin Ɗinki

Laraba, 12 ga Mayu, 1999, bayan Azahar

An naɗe hannayen Hasana duka biyu har gwiwar hannu. Likita ya ce hayaƙin gobarar da ta shaƙa zai fita, hannun ne sai an ga abin da hali ya yi. Na tambaye shi ko yatsun za su koma motsi, ya ce in yi ta addu'a. Bai san abin da nake tambaya ba. Ƙanwata kurma ce tun tana shekara shida, sanƙarau ya tafi da jinta. Da waɗannan yatsun take ɗinki, da su take magana. Tun jiya take kallona, tana ɗaga hannun, sai ta tuna, ta mayar.

Inna na zaune a tabarma gefen gadon. Da na gaishe ta ta amsa, ba ta ɗago ba.

Alhamis, 13 ga Mayu, da hantsi

Na buɗe bayan littafin nan na ga zanen da na yi a watan Janairu. Bari in rubuta yadda aka yi, tun kaina bai rikice ba.

Nata'ala abokina ne tun muna makarantar allo a Zaitawa. Da ya buɗe shagon yin katifa da kujerun kushin a Ƙofar Mazugal, ni na ja masa wayar lantarki, ni kuma na roƙe shi ya ɗauki Hasana ɗinkin rigar katifa. Shagon ɗaki uku ne a jere. Na gaba wurin yankan soso. Na tsakiya sito, soso har rufi da gwangwanayen gam. Na ƙurya ɗakin ɗinki, ita da Talatu.

Ya ce shi ƙararrawar hannu zai rataye irin ta makaranta, in an ga wuta a buga. Na ce wa zai gani a sito, wurin da ba kowa? Wa zai ji in janareta na aiki? Na zauna na zana masa. A sito a saka na'ura mai jin hayaƙi. A ɗakin gaba ba za ta yi ba, don wayar da ke yanka soso kullum tana hayaƙi, za ta yi ta kuka har a gaji a cire ta, sai dai mai jin zafi. Ƙararrawa babba guda, wadda ta fi janareta ƙara. Maɓallin dannawa a bakin kowace ƙofa. Duka a kan batirin mota, don ko an ɗauke wuta su yi aiki. Sannan a ɗakin ɗinki jar fitila mai juyawa, a bangon da ke gaban keken Hasana, daidai idonta.

Ya ce, “Fitila kuma don mutum ɗaya?”

Na ce, “Mutum ɗayan ƙanwata ce.”

Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ƙanwarmu. Saka duk abin da ka ga dama.”

Na saka. Na gwada ta da hannuna. Hasana ta yi ta dariya ranar, ta ce ɗakin ya koma gidan biki. Muka yi da shi cewa duk ranar Litinin zan zo in gwada komai.

Juma'a, 14 ga Mayu, bayan La'asar

Nata'ala ya zo asibiti da mutum huɗu, dukansu da hular jam'iyya. Shi ne yanzu shugabanta a mazaɓarmu, Ciyaman suke ce masa. Ya kawo lemo da madara. Ya durƙusa ya gai da Inna, ya ce ƙaddara ce, shi ma shagon ya tafi gaba ɗaya, Allah ya mayar da alheri. Bai kalli gadon ba ko sau ɗaya. Hasana ta juya fuskarta bango har ya fita. Na ɗauka kunya ce, don ba ta da mayafi.

A waje na ce masa, “Ƙararrawa ta buga?”

Ya ce, “Ta buga mana. Kowa ya ji.”

“Fitilar fa?”

Ya ce, “Sule, ka bar maganar nan yanzu, a ji da mara lafiya.”

Lahadi, 16 ga Mayu, da safe

Shehu, mai yankan soso, shi ya fito da ita. Yau na je gidansu na yi masa godiya. Ya ce daga sito ta fara, ƙararrawa ta buga, suka fita da gudu su biyar. Talatu tana bayan gida tana alwala. Sai da suka tsaya a titi suna duba juna, ya ga ba Hasana, ya matso jikin bango ya ji ƙarar keken ɗinki daga ciki. Tana ta ɗinki. Kafin ya zaga ta ƙofar baya ta ga hayaƙi, ta nufi ƙofar sito don ita ta saba bi, ta kama ƙarfen da hannu biyu.

Na ce, “Da ka shiga, fitilar tana juyawa?”

Ya ce hayaƙi ya yi yawa, bai ga komai ba. Ya tashi ya ce zai je ɗauko yara daga Islamiyya. Na raka shi bakin lungu, sai ya bi hanyar da ba ta Islamiyya ba.

Litinin, 17 ga Mayu, bayan Asuba

Yau Litinin.

Laraba, 19 ga Mayu, da yamma

Wajen mai shayi na ji. Ban nuna na ji ba. Wai aikin Sule ne bai yi kyau ba, wai fitilar jabu na saka, wai ni da ƙanwata ma ban ji tausayi ba balle wani. Da suka gan ni suka koma hirar rantsar da sabuwar gwamnati, saura kwana goma soja su tafi.

Mai injin markaɗen da zan ja wa waya gobe ya aiko a ce mini ya ɗaga aikin.

Matata Bahijja ta ce in ci abinci. Matar nan tana ƙoƙari da ni. Na ce mata na gwada fitilar da hannuna. Ta ce ta sani. Na sake faɗa mata. Ta ce, “Malam, sau uku ka faɗa yau.”

Asabar, 22 ga Mayu, da hantsi

Na shiga shagon. 'Yan kwana-kwana sun jiƙa komai, har yanzu ƙasa caɓi, warin soson da ya ƙone yana kama maƙogwaro. Rufin sito ya zube. Ɗakin ɗinki bai ci sosai ba, baƙi kawai ya yi. Kekenta na nan, da rigar katifa shuɗiya maƙale a ƙarƙashin allura.

Na duba bangon. Katakon da na kafa fitilar a kai yana nan. Fitilar ba ta nan. Na duba ƙasa ko ta narke ta faɗo, ban ga ko gutsuren gilashi ba. Ramukan sukuru huɗu a katakon, tas da su. Wayoyin biyu an naɗe bakinsu da baƙin tef, an tura su bayan katakon.

Wuta ba ta kwance sukuru. Ba ta naɗa tef.

Na zauna a kujerar Hasana na daɗe ina kallon wurin, daga inda take kallo.

Asabar ɗin dai, bayan Magariba

Na je gidan su Talatu. Mijinta ya fito zaure ya ce ba ta da lafiya, kuma su ba sa son shiga maganar manya. Na ce tambaya ɗaya ce. Ya ce, “Malam Sule, Ciyaman ya ce in ya sake buɗewa zai mayar da kowa. Ka yi mana haƙuri.”

Litinin, 24 ga Mayu

Litinin. Ban fita ba.

Talata, 25 ga Mayu, bayan La'asar

Mai unguwa ya kira zama, saboda maƙwabtan da wuta ta taɓa musu katanga. Na je da katakon a cikin leda. Nata'ala ya riga ni zuwa, yana zaune kusa da liman.

Ya yi magana mai daɗi. Ya ce shi bai san komai a harkar lantarki ba, shi ya sa ya damƙa amanar ga wanda ya fi yarda da shi a duniya. Ya ce duk abin da na ce a saya bai hana ba. Ya ce ba ya zargin kowa, ɗan Adam ajizi ne, yana roƙon jama'a kada a riƙe ni a zuci. Har muryarsa ta yi rawa.

Na fito da katakon na nuna ramukan. Na ce cire ta aka yi.

Ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce, “Bayan gobara ai 'yan jari-bola sun shiga. Har tagogi sun kwance.”

Na ce ɗan jari-bola ba ya naɗe waya da tef. Wani dattijo ya ce in yi haƙuri, zafin ciwon 'yar'uwa ne. Liman ya yi addu'a aka shafa. Da za mu fita Nata'ala ya riƙe hannuna a gaban mutane, ya ƙi saki, har sai da na ji ana cewa Allah ya bar zumunci.

Shekara talatin da wani abu muna tare. Ni na yi masa babban aboki ranar aurensa. Ni na shiga kabarin babansa na karɓi gawar.

Alhamis, 27 ga Mayu, da safe

Inna ta yi mini magana yau, karo na farko. Muna baranda ana wanke wa Hasana ciwo, muna jin numfashinta daga ciki. Ta ce, “Tana zamanta a gida tana ɗinkin hula, kai ka ce ta fita ta ga mutane. Ka ce mini ka yi abin da ko ba ta ji ba za ta gani.”

Na ce, “Na yi, Inna.”

Ta ce, “To.”

Asabar, 29 ga Mayu, bayan Azahar

Gari ya cika. Tun safe rediyo ke kawo rantsuwa, yara na yawo da tutoci, kowa na cewa mulki ya dawo hannun jama'a. Na fito zan kai abinci asibiti, jerin motoci ya tare ni wajen Ƙofar Mazugal. Na ja babur gefe.

A-kori-kurar Nata'ala ce a gaba, da lasifika biyu. A saman kanta jar fitila tana juyawa.

Irinta da yawa a kasuwa, na faɗa wa kaina haka. Sai motar ta tsaya saboda cunkoso, dab da ni. Gindin fitilar yana da tsaga a gefe, na like ta da farin gam ranar da na saka, don ta faɗo mini daga kan tsani. Na ga gam ɗin. Na ga wayar da na yi mata ƙari, ja da baƙa, an ja ta ta taga zuwa cikin mota.

Yana tsaye a baya yana ɗaga hannu. Ya gan ni. Ya ga inda nake kallo. Hannun ya tsaya a sama kaɗan, sannan ya ci gaba da ɗagawa, ya juya ɗaya ɓangaren.

Miyar ta zube a kan tankin babur, ban san lokacin ba.

Lahadi, 30 ga Mayu, bayan Asuba

Ya zo da kansa, shi kaɗai, ba hula. Muka zauna a zaure. Bai yi musu ba.

Ya ce ranar Asabar kafin abin, takwas ga wata, aka ce su je filin jirgi taryen wani babba a jam'iyya, kowace mazaɓa ta fito da motar da za a gani. Direbansa ya ce fitilar shago tana aiki da batirin mota. Ya ce aro ya yi, na kwana biyu.

“Wallahi da niyyar mayarwa na cire. Mantawa na yi.”

Na ce, “Ka tuna ka naɗa tef.”

Ya ce, “Don kada wayar ta ja wani.”

Na ce, “Jiya fa? Mantawa ka yi ka sake ɗora ta?”

Ya ce yara ne suka ɗora, bai lura ba sai da ya gan ni. Sannan ya ce an sa sunansa a wani kwamiti, sati mai zuwa za a sanar, in maganar nan ta fita yanzu an gama da shi. Ya ce in ya shiga, aikin lantarki na ofisoshi ba wanda zai yi sai ni. Ya ce zai kai Hasana wurin likitan ƙwararru. Ya ce surutun mutane kwana nawa ne.

Na ce, “A gaban liman ka ce ni ne.”

Ya ce, “Ban kama sunanka da laifi ba.”

Ya miƙe ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya juyo, a hankali ya ce, “In za a tona, a tona duka, Sule. Litinin goma ga wata ina kake?”

Litinin, 31 ga Mayu, da hantsi

Bichi. Ina Bichi.

Sati uku ina kewaye wannan a littafin nan. An kira ni aikin injin niƙa, na ce gwajin shago ai kullum lafiya yake fita, sati ɗaya ba komai, zan je Laraba. Minti biyar ne aikin. Da na shiga ɗakin da na ga bangon.

Na faɗa wa Bahijja. Ta ce ta sani, ita ta zuba mini ruwa a gora da safen. Ta ce tana jira ne in faɗa da bakina.

Alhamis, 3 ga Yuni, da yamma

An yi ruwan farko mai ƙarfi. An sanar da kwamitin a rediyo, sunansa na huɗu. Na ji ana ta harba knockout na murna a layinsu.

Ban je ko'ina ba. In na yi shiru, ni ne mai aikin jabu. In na yi magana, ni ne wanda bai zo ba. Shi kuwa ko ta yaya Ciyaman ne.

Talata, 8 ga Yuni, bayan Azahar

An kwance mata hannun dama, an bar yatsun a waje. Fatar ja ce, tana sheƙi. Babban yatsa da manuni suna motsi, na tsakiya kaɗan, sauran biyun sun ƙage. Nas ta ce kada ta wahalar da su. Ba ta jira nas ta fita ba.

Da hannu ɗaya take yi, a hankali, wani sai ta maimaita kafin in gane. Ta ce ranar Asabar ya shigo da direba suka cire tana zaune. Ta tashi ta tare ƙofa. Ya yi dariya, ya nuna mata da yatsu: kwana biyu, Yayanki zai zo Litinin ya mayar. Ta ce Litinin ta juya kekenta yana kallon ƙofa, don ta ga shigowata, kuma don ta ga in wani abu ya faru. Har aka tashi. Talata da safe Talatu ta ce keken ya tare hanya, suka mayar da shi yadda yake.

Sai ta tsaya. Ta nuna ni. Ta buɗe tafin hannun, alamar tambaya.

Na nuna mata: na tafi wani aiki.

Ta daɗe tana kallona. Ta rufe ido. In Hasana ta rufe ido, magana ta ƙare, ba ta inda za ka bi.

Juma'a, 11 ga Yuni, bayan Masallaci

An sallame ta jiya. Yau ta sa Inna ta kira ni. Ta ce tana son zuwa wurin mai unguwa da kanta. Inna ta ce mace da ciwo ina za ta, a bar wa Allah. Hasana ta buga ƙafa a ƙasa, yadda take yi tun tana yarinya. Ta ce ba wanda ya iya maganarta sosai sai ni, ni zan faɗa musu.

Na ce zan faɗa.

Ta nuna: duka.

Lahadi, 13 ga Yuni, bayan La'asar

An yi zaman. Mai unguwa, liman, dattawa uku, maƙwabta. Nata'ala ya zo a makare da mutanensa. Shehu na can baya jikin bango, ban san wa ya gaya masa ba.

Ta zauna a bakin tabarma, Inna a gefenta. Ta fitar da hannun daga mayafi. Wasu suka kau da kai.

Tana yi ina faɗa. Asabar, direba, tsani, yadda ta tare ƙofa. Nata'ala ya ce, “Ranka ya daɗe, wa ya san abin da take cewa? Ɗan'uwanta ne ke fassarawa, abin da ya ga dama zai faɗa.”

Mai unguwa ya ce, “Bari ta gama.”

Ta kai Litinin. Ta juya keke, ta jira, ta nuna ni. Ba wanda zai gane a wurin in na tsallake. Inna ce kawai, ita ma ƙasa take kallo. Hasana kuwa bakina take kallo.

Na ce, “Ta ce ta jira ni ranar Litinin tun safe har aka tashi. Ni na yi alkawarin zuwa duk Litinin in gwada. Ban zo ba. Na tafi Bichi aikin wani. Da na zo da na gani.”

Liman ya ce, “Wanda ke ƙirƙira ba zai ƙirƙiro wannan ba.”

Sai Shehu ya yi gyaran murya daga baya. Ya ce shi ya riƙe musu tsanin.

Nata'ala ya ce aro ne, ya ce mantuwa ce, ya ce ya dogara da zuwana. Mai unguwa ya ce ya tashi ya ba yarinyar nan haƙuri, kuma ya janye abin da ya faɗa a kaina a gaban waɗanda ya faɗa. Ya yi, a tsaye, yana kallon agogo. Hasana ba ta kalli bakinsa ba. Daga nan mutanensa suka ce ana jiransa a sakatariya. Ba abin da zai same shi, na sani. Dattawan ma da ya fita sai da biyu suka raka shi mota.

Litinin, 14 ga Yuni, da safe

Na je gidan Inna na kai maganin shafawa. Hasana na tsakar gida tana matsa ƙwallon roba kamar yadda nas ta ce.

Kowa a rayuwarta yana da suna na hannu da ta raɗa masa. Na Nata'ala tun muna samari shi ne ta dafa ƙirji sau biyu, wato abokin Yaya. Yau da maganarsa ta taso ba ta yi shi ba. Ta nuna bayan kafaɗarta kawai, ba ta waiwaya ba. Na tambaye ta sunan fa. Ta ce babu.

Na ce, nawa fa?

Nawa yatsa uku ne, ana murɗa su kamar mai haɗa waya. Ta ajiye ƙwallon. Ta haɗa babban yatsa da manuni. Na tsakiyan ya ƙi zuwa. Na ce ta bari, ta harare ni. Ta sa gefen ɗaya hannun mai bandeji ta turo shi, gumi ya fito mata a goshi, har ya taɓa sauran.

Ta murɗa sau ɗaya. Sannan ta nuna mini kwalbar maganin, ta miƙo hannun.